Umarni da Godiya: Wanne Ya Fi Ƙarfin Ɗaukar Bishara?

Duk Kiristan da ya taɓa fita bishara, ko ƙauye ya nufa, ko unguwa, ko kuwa maƙwabcinsa kawai ya zaunar ya ba shi labarin Yesu, akwai abin da ya tashe shi daga zaune. In ka bi masu wannan aiki da tambaya, amsarsu ba ta cika wuce biyu ba. Wani zai ce maka, "Ai umarnin Ubangiji ne, ba mu da zaɓi." Wani kuwa zai ce, "Abin da Allah ya yi mini, in na yi shiru ban kyauta ba." Na farko manzo ne da aka aika. Na biyu mutum ne da aka yi wa alheri, maganar ta cika masa ciki har ya kasa riƙe ta. Dukansu suna da madogara a Littafi Mai Tsarki, kuma a ido aikinsu ɗaya ne. Sai dai wanda ake yi wa wa'azin yakan ji bambancinsu tun ba a gama gaisuwa ba. Saboda haka ya dace a ɗora su a sikeli, a ga nauyin kowanne da kuma inda ya gaza.

Bari mu fara da umarni, tun da shi aka fi ji a bakin masu wa'azi. Bisharar Matiyu da aike ta rufe: a kan wani dutse a Galili, Yesu ya tura almajiransa zuwa ga dukan al'ummai. A sura ta 33 ta littafin Ezekiyel an ba da misalin mai tsaron gari wanda ya hango mahara bai busa ƙaho ba, aka ce alhakin jinin waɗanda suka hallaka yana wuyansa. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, ya nuna cewa wa'azi wajibi ne da aka ɗora masa, kuma ya shiga uku in ya bari. Ba wanda zai karanta waɗannan wurare ya ce bishara aikin ganin dama ne.

Babban ƙarfin umarni shi ne ba ya jiran zuciya ta yi daɗi. A ranar 4 ga Disamba, 1893, wasu samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Burinsu su shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wadda ta haɗa da ƙasar Hausa. Waɗanda suka riga su zama a Legas sun gargaɗe su cewa ba za su kai ba. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida da kyar. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mayar da shi. Duk da haka ya shirya wata tawagar, wadda ta kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Mutumin da ya rasa abokan tafiyarsa biyu, ya sha da kyar har sau biyu, amma bai janye ba, lalle akwai abin da ke riƙe da shi wanda ya fi ɗokin zuciya ƙarfi. Ya ɗauka an aike shi ne, kuma ɗan aike ba ya komawa da saƙo a hannu.

Umarni ne kuma ke haifar da tsari da haƙurin dogon aiki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya ci shekaru masu yawa a hannun Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, ana bin aya ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar 'yan mishan ta gida da aka sani yau da EMS, wadda aka kafa a 1948, ta riƙa ɗaukar manoma da malamai da iyalansu tana kai su inda ba su san kowa ba. Shirin Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a farkon shekarun 1960, ya koya wa talakan ikkilisiya cewa bishara ba ta fasto kaɗai ba ce. Duk waɗannan suna bukatar baiko, da lissafi, da mutanen da za su tashi aiki ko da rai a ɓace. Wannan fagen umarni ne, kuma wanda ya raina shi bai san tarihi ba.

To amma umarni in ya tsaya shi kaɗai, yana da ciwon da ke cin sa. Annabi Yunusa shi ne misali mafi bayyana. An aike shi Nineba, ya gudu ya nufi Tarshish. Da aka komo da shi ta cikin kifi, ya shiga birnin ya yi shela kamar yadda aka ce. Mutane suka tuba tun daga sarki har talaka, Allah ya ji tausayinsu. Shi kuwa mai wa'azin sai ya fusata, ya koma bayan gari ya kafa bukka yana jiran ya ga ko wuta za ta sauka. Ya isar da saƙo sarai, amma ko kaɗan ba ya ƙaunar waɗanda ya kai wa. Kurangar da ta yi masa inuwa ta fi masa mutanen birnin daraja.

Irin wannan bai ƙare a zamanin Yunusa ba. Ranar Asabar da yamma za ka ga matasa sun taru a harabar coci, an raba su biyu-biyu, an ba kowa 'yan takardun bishara da wata takarda ta rubuta sunaye, don gobe sakatare zai karanta rahoto. Biyu daga cikinsu suka yi sallama a wani gida, suka tarar da wata dattijuwa tana surfe. Aka gaisa a tsaitsaye. Ɗaya ya buɗe Littafi ya jero ayoyi huɗu da ya haddace, ɗaya yana duba agogo. A gefen turmin kuwa ga jikanta kwance a tabarma, jiki zafi rau, ƙudaje na bin idonsa. Ba wanda ya ce, "Baba, me ke damun yaron nan?" Suka tambaye ta ko za ta karɓi Yesu, ta ce to, don su tafi ta ƙarasa aikinta. Aka rubuta suna. Gobe za a tafa a coci. Yaran nan ba mugaye ba ne, abin da aka koya musu suka yi. Amma a wurinsu matar nan lamba ce a takarda, kuma ita ma ta gane hakan.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan zurfi. Mai aiki don dole kaɗai, sannu a hankali yakan fara ƙirga wa Allah abin da ya yi masa, kamar yana tara kuɗin fansar kansa. Alhali jigon bangaskiyar Kirista, kamar yadda Bulus ya bayyana wa Afisawa, shi ne ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba a sayensa da aiki. Abin lura, ita wannan ikkilisiya ta Afisa ce aka yaba wa a littafin Wahayi saboda wahalarta da jimirinta, sannan aka tsawata mata don ta bar ƙaunarta ta fari. Ashe ana iya kasancewa cikin aiki tsundum, zuciya kuwa ta daɗe da yin sanyi.

Yanzu mu juya ga godiya. A Luka sura ta 17, kutare goma suka yi wa Yesu kira daga nesa, ya ce su je su nuna kansu ga firistoci. Suna cikin tafiya suka warke. Ɗaya kaɗai, Basamariye, ya juyo yana ɗaukaka Allah da babbar murya, ya faɗi a gaban Yesu. Sau da yawa mukan zargi taran nan, mu manta cewa su umarni suke bi: an ce su je wurin firistoci, can kuma suka nufa. Amma wanda ya komo ɗin shi aka yaba wa. Haka mutumin ƙasar Garasinawa da aka raba da aljannu a Markus sura ta 5. Bai shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba ko ta kwana ɗaya. An ce ya koma gida ya ba da labarin jinƙan da aka yi masa, shi kuwa ya karaɗe Dikafolis, yankin garuruwa goma. Mutanen da suka san shi tsirara a makabarta suka gan shi da riga, cikin hankalinsa. Gani ya kori ji.

A nan ƙarfin godiya yake: mai ita ba haddar wani yake biyawa ba. Bambancinsu da mai umarni zalla kamar na mai tallar magani ne a tashar mota da wanda ya sha maganin ya warke. Mai talla yana da lasifika da jerin cututtukan da ya haddace, amma fasinja na jin sa da rabin kunne, don ya san da abin da zai ci a ciki. Wanda ya warke kuwa a hankali zai ce maka, "Ni ma haka na yi fama, ga abin da ya taimake ni," kuma maganarsa za ta zauna maka, don ba ya neman ko sisinka.

Tarihin ikkilisiya a ƙasashenmu cike yake da irin waɗannan. A 1929 'yan mishan na Brethren suka buɗe wurin jinyar masu ciwon kuturta a Garkida. A shekarun 1930 SIM ta karɓi irin wannan aiki a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, daga baya kuma ta buɗe na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Mutanen da danginsu suka ware wa ƙwaryar shan ruwa suka sami masu wanke musu gyambo da hannu. Wasunsu sun koyi karatu a can, sun ba da gaskiya, da aka sallame su suka koma garuruwansu. Majami'u da dama, musamman a yankin da ikkilisiyar EYN take a yau, a zauren irin waɗannan mutane suka faro, kafin wani Bature ko fasto ya taka garin. Ba albashi, ba mai karɓar rahoto. Abin da aka yi musu ne ya hana su yin shiru.

Ko a yau, a lokacin shaida ranar Lahadi ake ganin wannan a fili. Wata uwa daga Zumuntar Mata za ta miƙe da zanen ƙungiya, ta gyara ɗaurin kallabi, ta fara da waƙa, mata su amsa da tulu da caki. Sannan ta ce, "'Yan'uwa, ku taya ni godiya." Ba ta iya jera ayoyi da lambobinsu ba, amma za ta faɗi yadda ta yi shekaru tana gaba da matar ƙanin mijinta, ba sa ko gaisawa, har ranar da ta gane irin gafarar da aka yi mata a kan gicciye, ta ɗauki ƙafa ta je ta nemi sulhu. Gobe a bakin rijiya ko wurin niƙa, labarin nan za ta maimaita wa duk wadda ta tambaye ta yadda aka yi suka shirya. Ita ba ta ma san bishara take yi ba.

Sai dai godiya ma tana da nata rauni, kuma ba adalci ba ne a ɓoye shi. Na farko, in ba ta da linzami takan yi ɓarna. A ƙarshen sura ta 1 ta Markus, Yesu ya warkar da wani kuturu ya ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Murna ta ɗebe shi ya baza labari, har Yesu ya kasa shiga gari a sarari, sai a bayan gari yake zama. Niyyar mutumin kyakkyawa ce, amma rashin biyayyarsa ya kawo cikas. Na biyu, godiya takan kauce daga inda ya kamata ta dosa. Wanda aka yi wa jinya kyauta yana iya jin kunyar likita ta hana shi cewa a'a, ya karɓi addini don biyan bashi. Wannan nauyin ido ne, kuma yakan tafi ranar da likitan ya tafi. Na uku, da yawa daga shaidar da ake bayarwa yanzu ta mota ce, da aiki, da haihuwa, da biza. Ba laifi a gode wa Allah saboda su. Amma in a kansu aka gina bishara, me za a faɗa wa wadda ta yi shekara 20 tana addu'a ba ta haihu ba? Kuma ranar da motar ta ƙone, ina bakin magana?

Saboda haka godiyar da ake nufi a nan ita ce ta ceto kansa: an gafarta mini zunubi, an sulhunta ni da Allah, ban biya komai ba. Ita ce ba ta ƙonewa da gida. A 2014 rikicin Boko Haram, wanda ya ɗaiɗaita Musulmi da Kirista baki ɗaya, ya faɗa wa EYN da ƙarfi. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilu 'ya'yanta ne, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Mutanen da suka tsira da rigar jikinsu kaɗai suka ci gaba da taruwa suna sujada a inda suka yi gudun hijira, har sababbin majami'u suka tsiro a wuraren. Wanda abin duniya ne tushen godiyarsa, a irin wannan rana ba shi da abin faɗa. Su kuwa suna da shi.

In ana son a ga bambancin umarni da godiya ƙuru-ƙuru, a duba ranar da aka ƙi saƙon. Mai umarni zalla yakan kakkaɓe riga ya ce, "Ni dai na sauke nauyi, alhakinka a wuyanka," daga nan zumunci ya yanke. Mai godiya kuwa ya san shi ma ba wayonsa ne ya cece shi ba, don haka ba shi da dalilin ɗaga hanci. Gobe za ka gan shi a sunan ɗan maƙwabcin da ya ƙi saƙon, ya aika masa da shinkafar Kirsimeti, ya karɓi naman layya da hannu biyu. A wurare irin namu, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya, kuma kowa ya san abin da kalma ɗaya ta rashin ladabi ke iya haddasawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manzo Bitrus ya gargaɗi masu bi su ba da amsar begensu cikin tawali'u da ladabi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Samuel Ajayi Crowther ya nuna haka a aikace. An kama shi bawa yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a 1822 aka kai shi Saliyo, aka yi masa baftisma a 1825, ya zama bishop a 1864. Bayan rabuwar kusan shekara 25 ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta, ita ma daga baya aka yi mata baftisma. Mutumin da ya san ɗacin igiya a wuya bai iya kallon kowa a wulaƙance ba. Ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida shekaru da dama, kuma an san shi da hana ma'aikatansa zagin addinin wani. Bai sassauta abin da ya gaskata ba, bai kuma mai da shi sanda ba.

To, wanne ya fi? Masu rubuta Katekizim na Heidelberg a Jamus a 1563, wanda ikkilisiyoyi irin su CRCN ta Takum da NKST ta ƙasar Tibi suka gada, sun warware wannan da hikima. Sun kasa koyarwarsu uku: halin ƙaƙa-ni-ka-yi da mutum ke ciki, da yadda aka cece shi, da yadda zai gode. Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji kuwa a kashi na uku suka sa su, ƙarƙashin godiya. Wato ba a soke umarni ba, an dai nuna masa mazauninsa. Bulus ɗin da ya ce wa'azi wajibi ne a kansa, shi ne kuma ya rubuta wa Timoti yana gode wa Almasihu da ya ji tausayinsa, shi da a da yake tsananta wa masu bi. Wajibin nasa daga jinƙan da aka yi masa a hanyar Dimashƙu ya taso.

Hukuncina ke nan: godiya ce gaba, umarni na biye. Umarni yana hana mai godiya yin barci, yana yi masa iyaka, yana riƙe shi a ranar da zuciya ta bushe. Amma godiya ce ke sa wa magana gishiri, ita ke sa mai wa'azi ya ga mutum a gabansa. Umarnin da ba godiya yakan haifi Yunusa. Godiyar gaske kuwa da kanta take neman abin da za ta yi wa wanda ya yi mata alheri, don Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya: kafin ku tambayi matasa gida nawa suka shiga, ku tabbata sun san abin da aka yi dominsu a kan gicciye. Ku rage tsoratarwa da ƙidaya, ku yawaita koyar da alheri. Iyaye, ku bar 'ya'yanku su ji labarin tubanku daga bakinku. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, in kun ji bakinku ya yi nauyi wajen ba da shaida, kada ku fara da tilasta wa kanku fita. Ku zauna tukuna ku tuna daga inda aka ɗauko ku, da abin da aka yafe muku. Sannan ku tashi ku je, ku faɗa da ladabi, ku saurara da haƙuri, ku bar wa Allah sakamakon.